Wai me digirin digirgir ya tsinana wa talaka?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan gurup. Yau ina da magana kuma don Allah masu digiri kar ku ji haushina. Jiya da daddare na aiki yaro ya siyo min tsire, ina warware takardar sai na ga rubutun Turanci da wasu lambobi a jere, na duba da kyau ashe shafi ne na kundin binciken wata jami'a, shafi na 214, mai ya jiƙa shi sharkaf. Wallahi na daɗe ina kallonsa har naman ya huce. Dalili kuwa ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya shekara bakwai ya kwashe yana digirin nan na uku, ya sayar da filinsa ya sayar da mashin ɗinsa, ni kaina sau biyu ina biya masa kuɗin rajista, ranar da ya kare kundin muka yanka rago muka yi walima. Yau shekara uku kenan, kundin yana can saman wadirof ƙura ta rufe shi, abin da ya sauya kawai yanzu ana ce masa Dakta. To ni dai a fahimtar da ni, duk waɗannan daktocin da jami'o'inmu ke yayewa kowace shekara, me suka tsinana wa talakan da ke Dawanau ko Ɗanbatta?

Sarkin Gardama: Hhhh ai ka ga amfanin da idonka Alhaji, ba ga shi ya naɗe maka tsire ba.

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam. Alhaji tambayarka a kan hanya take, amma tunda ka ambaci Dawanau bari mu fara daga can. Waken da ake lodawa a tirela a kasuwar nan, da masarar, da gyaɗar, da yawansu irin da aka fitar ne daga cibiyar binciken aikin gona ta IAR Samaru, shi ya sa za ka ji ana cewa SAMPEA, SAMMAZ, SAMNUT, SAMSORG, wannan SAM ɗin Samaru ne. Tun 1922 ake bincike a wurin, tun kafin a kafa ita kanta ABU a 1962. Kuma fitar da iri ɗaya ba wasa ba ne, sai a haɗa wannan da wancan, a shuka a zaɓa, a sake shukawa a sake zaɓa, damina bayan damina, a gwada a tasha a gwada a gonakin manoma, yana iya cin shekara goma, kuma masu zama a rana suna ƙirga ganye da kwanso suna auna tsayin kara yawancinsu ɗaliban digiri na biyu da na uku ne. Ɗauki waken SAMPEA 20-T da aka fitar a ƙarshen 2019 ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, mai jure tsutsar maruka mai cin fure da kwanso. Manomin da ke feshi sau shida zuwa takwas a damina ya koma sau biyu. Lissafa kuɗin magani, kuɗin ɗan feshi, da gubar da ba ta shiga ƙirjinsa ba. Shi manomin bai taɓa karanta kundin kowa ba kuma ba ya buƙata, kundin ya zo masa a cikin mudun iri.

Hajiya Uwargida: Malam wannan waken ba shi ne wanda aka sauya wa halitta ba? Ni fa ina tsoronsa gaskiya.

Ɗan Samaru: Shi ne Hajiya, kuma tsoronki ba laifi ba ne, akwai masana ma da suke ja a kai, ni dai abin da na karanta ya gamsar da ni. Amma kin ga ko mai son ya ce yana da illa sai ya shiga ɗakin gwaji ya nuna, wato dai binciken ne za a koma wa. Mu bar wannan zuwa wata rana don in muka shige shi sai asuba.

Kawu Manomi: Ni ban yi boko mai zurfi ba amma zan ba da shaida a kan abu ɗaya. Da can in na girbe wake sai dai in sayar da shi a kaka da arha, don in na ajiye wata biyu ƙwari sun mayar da shi gari, ka buɗe buhu ka ga duk ya huje yana wari. Wasu kuma su yi ta ambaliya masa magani, mutane su ci su kwanta asibiti. Da buhun nan na PICS ya zo, leda biyu masu kauri a ciki sannan buhu a waje, ka zuba wake ka matse iska ka murɗe bakin leda ta farko ka ɗaure, ka ɗaure ta biyu daban, ka ɗaure buhun daban, shikenan ba magani ba komai. Na taɓa buɗe nawa bayan wata takwas kamar ranar aka zuba. Wani malamin gona ne ya nuna mana a kasuwa.

Ɗan Samaru: Kawu Allah ya ƙara girma, ka taimake ni. Wannan buhun masu binciken ƙwari na jami'ar Purdue a Amurka ne suka fito da shi tare da abokan aikinsu na Marwa a Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980. Sirrin kawai shi ne ƙwaron yana shaƙar iskar da ke ciki har ta ƙare, ya daina ci, ya bushe ya mutu. Amma ku lura, sai a 2007 aka samu kuɗin yaɗa shi ƙauye-ƙauye. Kusan shekara ashirin ilimin yana nan a ajiye manomi bai san da shi ba. Kuma saboda wancan maganin da Kawu ya faɗa ne fa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015.

Baban Ummi: To na ji na noma, wannan ko makaho ya shafa ya ji. Amma sauran fa? Wanda ya yi shekara shida a kan waƙoƙin wani makaɗi ko tarihin wani gari fa? Wa zai ci wannan?

Malam Na Tarihi: Alhaji ranka ya daɗe yanzu ka taɓo ni. Ba komai ne ake sawa a tukunya ba. Akwai lokacin da abin da aka rubuta a kanmu a boko kusan duk daga bakin jami'an mulkin mallaka ya fito. Sai wani Bature mai nazarin tarihi, Murray Last, ya zo Sakkwato ya zauna gaban Waziri Junaidu, ya karanta takardu da wasiƙun Larabci na gidan waziri, ya yi digirinsa na uku a Ibadan a 1964, littafin ya fito a 1967, aka ga daula da tsarin mulkinta da waziranta daga rubutun masu ita. Dr Yusufu Bala Usman ya yi nasa a ABU a kan Katsina, ya ƙi yarda da labarin nan na cewa komai faɗan Haɓe da Fulani ne, ya nuna batun ƙasa da kasuwanci da malamai da sarauta. Yau duk wanda ya tashi a soshiyal midiya yana son haɗa Hausa da Fulani faɗa, da me kake ba shi amsa in ba da irin wannan aikin ba? Maganar makaɗi kuma, Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir a kan Mamman Shata ya yi digirinsa a Indiyana a 1975, lokacin da wasu ke ganin waƙar baka roƙo ce kawai ba abin nazari ba. Ni ina ganin irin wannan ne ya share fagen da ABU ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Ƙamusun Hausa da BUK ta fitar a 2006, Hausa zuwa Hausa, masu nazarin harshe ne suka yi ta fama da shi shekara da shekaru. Yanzu kowa yana murna waya tana fassara Hausa, to da me aka koya mata in da ba a daidaita rubutun ba?

Sarkin Gardama: Duk sunayen da kuke kira na da ne ko na Turawa. Ku kira min na bana. Kuma ma matar nan 'yar Chana da ta gano maganin maleriya daga tazargade, Tu Youyou, ba ta da digirin digirgir ko ɗaya kuma ta ci Nobel a 2015. To ina amfanin hular da rigar?

Likitan Karkara: Sarki yau ka yi karatu kafin ka zo, madalla. Gaskiya ne ba ta da shi, amma ta karanta harhaɗa magunguna a jami'a a Beijin, kuma aiki ne na gwamnati da aka fara a 1967 da ɗaruruwan masana, suka bi tsofaffin littattafan maganin gargajiya ɗaya bayan ɗaya. Da farko in sun tafasa ganyen sai maganin ya ƙi aiki yadda ake so, sai ta ci karo da wani rubutu na wajen shekara 1,600 da suka wuce da ya ce a jiƙa a ruwa a matse, ta gane ashe zafi ne ke kashe sinadarin. Ka ga da ba a adana tsohon rubutun ba kuma babu mai iya karanta shi, da babu maganin maleriya na ACT da muke ba yara yau. Malam Na Tarihi ka ji an rama maka. Mu ma muna da irin wannan, maganin sikila na Niprisan da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa daga ilimin wani mai maganin gargajiya, cikin kayan haɗinsa har da masoro da kanumfari da ganyen dawa, aka gwada aka ga yana rage yawan tashin ciwon, amma wajen sarrafa shi da yawa a kai kasuwa aka yi ta tuntuɓe. Wannan shi ne ciwonmu.

Bari in ƙara ɗaya don shi nake gani kullum a asibitinmu. Ruwan gishiri da sukari. Uwa ta kawo yaro ido ya faɗa, ka ja fatar cikinsa ta ƙi komawa, ka jiƙa ORS a ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, zuwa yamma ka ga yana neman nono. Asalinsa wani masani Robert Crane ne a 1960 ya bayyana yadda sukari da gishiri suke shiga jikin hanji tare, ruwa ya bi su. A lokacin da an tambaye shi me wannan zai yi wa talaka ƙila shi ma ya yi shiru. Sai a 1971 wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ruwan leda ya ƙare masa a sansanin 'yan gudun hijirar Bangaladash ana tsakiyar kwalara, ya haɗa shi a durom yana rabawa, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Shekara goma sha ɗaya tsakanin wancan da wannan.

Maman Sadiq: Tun ɗazu nake karantawa ina haɗiye magana. Ni ina ciki yanzu haka, shekara ta biyar, ga koyarwa ga yara huɗu. Yaya Baban Ummi wallahi ba na jin haushinka don ni kaina akwai daren da nake tambayar kaina wannan tambayar. Amma ku san a wane hali ake binciken nan. Sinadaran gwaji daga albashina nake siya. Samfurin da na yi wata uku ina tarawa daga ƙauyuka na sa a firizar sashe, aka ɗauke wuta kwana huɗu babu man janareta, na zo ranar Litinin na buɗe sai wari, na zauna a ƙasa na yi kuka kamar ƙaramar yarinya, haka na sake komawa daga farko. Injin da nake buƙata akwai shi amma ya lalace tun kafin in shigo, sai dai in aika wata jiha in biya. Babi ɗaya ya yi wata biyar a teburin sufabaiza, kuma ban ga laifinsa sosai ba don ɗalibai sun yi masa yawa ga aji ga mitin. Yajin aikin 2022 kaɗai ya ci wata takwas, Fabrairu zuwa Oktoba.

Sannan babban abin da ba ku sani ba, ba a ƙara wa lakcara girma don ya je rediyo ya yi wa mutane bayani da Hausa, ko don ya tara matan unguwa ya koya musu abin da ya gano. Abin da ake ƙirgawa takarda nawa ka buga a mujalla, da Turanci, wasu mujallun ma da dala ake biya. To mutum zai bi inda makinsa yake mana. Shi ya sa za ka ga an yi bincike a kan matan ƙauye, an cika musu fom an ɗebi jininsu an tafi, har abada ba wanda zai dawo ya ce musu ga abin da aka gani.

Sarkin Gardama: Allah sarki Hajiya, Allah ya kawo ƙarshensa lafiya. Amma ki yarda akwai masu siyan kundi a shagon kwamfuta, a sauya sunan gari kawai. Da masu kuɗin da ake naɗa wa Dakta ranar bikin yaye ɗalibai.

Maman Sadiq: Akwai su, ban musa ba, kuma su suka fi ɓata mana suna. Wani taken ma kana gani ka san an yi shi sau hamsin, tasirin kaza a kan kaza a ƙaramar hukumar kaza. Na girmamawa kuma daban ne, ba bincike ba ne, bai kamata a haɗa mu ba.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ku ba mu wuri mu ma. Nan wajenmu akwai wata tsutsa da ke cin zangarniyar hatsi, ta bi ta tana murɗawa, shekarar da ta yi yawa sai ka ga gona ta yi kyau amma ba tsaba. Masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, irin su Farfesa Ibrahim Baoua, sunka yi aiki bisa wani ɗan ƙaramin ƙwaro kamar zanzaro wanda ke saka ƙwai jikin tsutsar ya kashe ta. Ana sa shi cikin 'yan ƙananan buhunan algarara tare da ɗan hatsi da tsutsotsin da zai hayayyafa bisansu, a rataya ga icce kusa da gonaki, ya fito ya bazu da kansa. Babu feshi. Na ga tsoho yana dariya yana cewa wai an kawo mai ƙwaro maganin ƙwaro, da kaka ta yi shi ya fara tambaya ko za a maido. Abin da ya sa wanga ya ci, sun zo gona da kansu kuma da Hausa sunka yi magana. Jami'armu ta Yamai ma sunan masanin kimiyya gare ta, Abdou Moumouni, wanda ya yi ta aiki bisa hasken rana tun shekarun 1960 da 1970, ga shi yanzu kowa sola yake nema amma daga Chana muke sayo ta.

Malam Na Tarihi: Wannan jimlar taka ta ƙarshe ta yi min ciwo ɗan'uwa.

Admin: Masu turo tallan data da atamfa a tsakiyar muhawara don Allah ku dakata, na goge biyu.

Ɗan Samaru: Maganar kuɗi ce a ƙasan komai. Ƙasashen Afirka sun yi alkawarin kashe kashi 1 cikin ɗari na arzikinsu a kan bincike, mu ko kusa ba mu kai ba, Koriya ta Kudu tana kashe sama da kashi 4. TETFund da ake gani, asusun tallafa wa manyan makarantu, gwagwarmayar ASUU ce ta haifar da asusun a 1993, harajin kashi 2 na ribar kamfanoni, a 2023 aka kai shi kashi 3, kuma ba don shi ba da lakcarori da yawa ba su yi digirin ba. Amma ko shi daga farkon 2025 ya dakatar da tura malamai waje, saboda tsadar dala da kuma waɗanda in sun gama ba sa dawowa. Ni abin da na fi so a gyara ba ya ma cin kuɗi, a wajabta wa duk mai kare kundi ya rubuta shafi biyu da harshen mutanen da ya yi binciken a kansu, ya koma ya karanta musu a ƙofar gidan mai unguwa ko dagaci, a sa hannu, kafin a ba shi shaida.

Sarkin Gardama: Wasu in an ce su faɗa da Hausa a nan asiri zai tonu, don za a ga ba komai a ciki hhhh.

Maman Sadiq: To ai shi ma amfani ne.

Baban Ummi: Jama'a na dawo, kuma kunya ta kama ni. Maganar Hajiya Maman Sadiq ce ta sa na ɗauki waya na kira ƙanin nawa, na ce wai Dakta tsakani da Allah a kan me ka yi binciken nan, don wallahi shekara goma ban taɓa tambaya ba, kuɗi kawai nake turawa. Ya ce a kan ruwan rijiyoyin garinmu ne, ya bi unguwa-unguwa yana ɗiban ruwa a kwalba rani da damina, ya gano rijiyoyin da ke kusa da masai suna gurɓata musamman in ruwa ya sauka, ya ce ƙa'idar da ake bayarwa a bar aƙalla mita 30 tsakani, mu kuwa a cikin gari wani gidan ko taku goma babu. Na ce to rijiyar gidanmu fa ta wajen Inna? Ya yi shiru, ya ce Yaya tana cikin waɗanda na auna, ita ce lamba 17. Na ce shi ne ba ka faɗa ba?? Ya ce ya faɗa wa Inna ta riƙa tafasawa ta ce rijiyar da ta sha ta haife mu duka ba za a zo mata da iyayi ba, ya kai kwafi ofishin da abin ya shafa aka karɓa aka ce za a neme shi, shiru har yau. Kuma ku ji, duk damina sai an kwantar da yaran gidan nan biyu ko uku, ni nake biyan kuɗin magani.

Likitan Karkara: Innalillahi. Alhaji kafin komai a fara tafasa na sha ko a sa maganin kulorin na ruwa, a rufe bakin rijiyar, guga ɗaya tak kuma kar a riƙa ajiye ta a ƙasa. Tsofaffi kuma ba a zuwa musu da takarda, ka je da kanka ka zauna da ita.

Baban Ummi: Juma'a in sha Allahu zan tafi, na ce masa ya sauko da kundin ya kakkaɓe shi mu je da shi wajen mai unguwa bayan masallaci. Ya ce sai dai ya kwana biyu yana neman yadda zai faɗi wasu kalmomin da Hausa.

Malam Na Tarihi: Ya turo min su ta inbos mu gwada tare.

Kawu Manomi: Ɗan Samaru kafin ka sauka, wannan waken mai feshi biyu a ina zan samu na gaskiya? Don bara wani ya sayar min da iri a kasuwa ya rantse shi ne, tsutsa ta cinye shi tas.